A Hannu Ko a Ƙafa

Bazarar bana ta zo da irin zafin da ke sa mutum ya ji haushin rigar jikinsa. Tun hantsi kaji suke sakin fukafukai a gindin rumbu, baki buɗe, ni kuma in ja tabarmata in yi ta bin inuwar darbejiya duk inda ta juya. Da la'asar hadari yakan haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, yara su kwashe shanya a guje, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da gumi. An yi sharar gona, an kai taki, kowa ya zuba wa sama ido.

A irin wannan rana ce jikana ya faɗo gidan da azahar, yana ɗaɗɗage ƙafa saboda zafin ƙasa, takalmansa a hannu. Sunan marigayi maigidana aka sa masa, shi ya sa ba na kama sunansa, Mai-suna nake ce masa. Saurayi ne, yana karatu a Ɗambatta. Kafin idona ya kai fuskarsa ya riga ya sauka a kan takalman.

Na ce, "Kai Mai-suna, wace irin shigowa ce wannan? Ajiye takalman nan ƙasa."

Ya ce, "Hajiya, maɗaurin ne ya tsinke a hanya. Ai sun gama aiki, kwandam ne. Ranar kasuwa zan sayi wasu."

"Na ce ka ajiye su ƙasa. Kada ka ƙara shigo mini gida da takalmi a hannu."

Ya tsaya yana kallona, sai ya mayar da abin wasa irin na jika da kaka. "To amarya, fushin na mene ne? Ko don ban riƙo miki goro ba?"

"Mijin da ya kasa riƙe takalminsa ina shi ina riƙe mata? Shiga ɗaki ka ɗauko mini gwangwanin da ke kan taga."

Ya kawo gwangwanin, ya shige ɗakin babarsa neman abinci. Na zazzage kayan ciki a kan tabarma: basillata, wato babbar allurar nan ta ɗinkin fata, da zare, da 'yar wuƙar da wasawa ta cinye rabinta. Ina huda robar takalmin, rana ta gasa ta, sai warinta ya bugi hancina. Warin nan ne ya mayar da ni wata bazara da na daɗe ban so in tuna ba.

Lokacin ina da ƙuruciyata, ina goyon 'yar fari. Mu uku ne manya a gidan: ni, da Maigida, da Inna mahaifiyarsa. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta, inda gona take manne da gona, in ka fita daga taka sai ka faɗa ta maƙwabci. Shekarar fari muke ce mata, ko da yake farin bai tsaya a shekara ɗaya ba. A waccan daminar ruwa ya sauka da wuri, aka yi shuka, gero ya kawo gwiwa, sai sama ta ɗauke. Maza suka fita roƙon ruwa har suka gaji da fita. Ganyen gero ya naɗe, ya yi fari, in iska ta kaɗa ka ji yana ƙara kamar busasshiyar kaba. Abin da Maigida ya ɗauro daga gona bai kai a kira shi girbi ba, Inna da tsufanta ita kaɗai ta shigar da shi rumbu.

Daga nan sai abubuwa suka riƙa fita daga gidan ɗaya bayan ɗaya. Jaki ya fara tafiya, awaki suka bi shi, sai tasoshin jerena. Tuwo ya koma sau ɗaya a rana, daga baya ya koma kunu, kunun ma ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙwarya ta cikinsa. Dusar da muke zuba wa awaki ita muka koma tankaɗewa muna ci. Inna tana da wata tukunya da ta cika da irin gero, ta liƙe bakinta da laka, ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce ko mutuwa za mu yi ba mai taɓa ta. Amma da nonona ya fara ƙafewa, yarinyar ta koma kuka ba murya, Inna da hannunta ta jawo tukunyar ta fasa lakar. Ta miƙo mini ta ce in surfa.

Ranar da muka ci irin nan, Maigida ya ce zai tafi ci-rani. Bai taɓa zuwa ba, shi mutum ne da ko kasuwar Ɗambatta ba ya son ya kai magariba a cikinta. Ya ce za su yi kudu, can gaba da Kano inda ake noman rani a bakin ruwa, su yi ƙwadago, su dawo da iri kafin ruwa ya sauka. Tare za su tafi da maƙwabcinmu Malam Sule, mai koyar da yara karatu a zaurensa. Inna ta yarda ne saboda Malam Sule, don mutum ne mai tsantseni har yana ba mutane dariya. Ko tsinken sakace ba ya karya a shingen wani sai ya nemi mai shingen ya yafe masa.

Maganar mota ba ta taso ba, da ƙafa za su tafi. Da muka fito da kayan da Maigida zai yi tafiyar da su muka baje a tsakar gida, ni da Inna muka dubi juna. Taguwarsa ta mutu a kafaɗa. Malfarsa bakinta ya warware. Gorar ruwa ta tsage a wuya. Takalman kuwa irin na tayar mota ne, na hagu da sauran rai, na dama dunduniya ta huda shi har kana zura yatsu biyu. Sabo ba ya sayuwa, badukun garinmu ma ya riga ya kulle rumfarsa ya bi sahun masu tafiya.

Ni 'yar baduku ce, daga wani ƙauye wajen Bagwai. Baba bai samu ɗa namiji ba sai daga baya, don haka ni na tashi ina riƙe masa fata, ina murza masa zare a cinya. Da za a kawo ni gidan miji ya sa mini basilla da wuƙa a ƙasan akwati, uwata tana ta faɗa wai wa ya taɓa ganin amarya da kayan dukanci. Ban taɓa fito da su ba sai ran nan.

Taguwar ba ta ba ni wahala ba. Na farke wani tsohon buhun fulawa, na wanke shi da toka, na shimfiɗa a kafaɗun ta ciki ninki biyu, don a nan kaya yake ci. Wandon na rage masa tsawo zuwa ƙwauri saboda ƙarangiya, ƙyallen da na yanke na yi masa aljihu da shi ta ciki. Inna ta karɓi malfar ta ɗaure bakinta da kaba, ta ɗinke gorar ta liƙe da ƙaro. Da yunwa muke aikin. Zura zare a allura, abin da nake yi ido rufe, sai na yi ta gwadawa ina kuskure, don in na ƙura wa abu ido sai in ga duhu-duhu yana yawo. In na miƙe tsaye sai na dafa bango.

Takalmin dama shi ya cinye mini kwanaki. Faci ba zai riƙe shi ba, sai dai a sake masa gindi gaba ɗaya, kuma ba ni da taya. Ina zaune ina juya shi sai idona ya kai turken awaki. Akwai rabin tayar babbar mota da muke zuba musu dusa a ciki, tana nan kife tun da aka sayar da su. Na jawo ta inuwa, na ɗora ƙafar Maigida a kai na zana da gawayi. Taya ba ta yankuwa a bushe, sai kana jiƙa wuƙa, ruwa kuwa a lokacin ba abin wasa ba ne, don haka da ruwan wankan yarinyar nake jiƙawa. In yanka kaɗan in huta, in yanka kaɗan in huta. Tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Maigida ya karɓa zai taya ni, ya karkatar da yankan, na ƙwace abina. Maɗauran na yanko su daga wani tsohon guga na roba da ya yage, na gasa ƙusa a murhu na huda, na ɗinke da zaren da na zaro daga cikin tayar kanta, wanda ya fi kowane zare ƙarfi. Gidan duk ya ɗauki warin ƙonanniyar roba.

Da na gama ya sa ya taka, sai ya karkace. Tayar babbar mota ta fi ta ƙarama kauri, ƙafar dama ta fi ta hagu tsawo. Na kankare abin da zan iya, bai isa ba. Sai na yanko marfin burgaminsa, jakar fatar da zai rataya, na shimfiɗa a kan na hagu na ɗinke. Ya sake takawa, ya zaga tsakar gida, ya dawo daidai. Amma sawun da ya bari a ƙasa abin kallo ne. Na hagu sumul, da 'yan layuka a miƙe, na dama kuwa manyan haƙora a karkace kamar saƙar tabarma.

Inna ta dubi ƙasa, ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce, "Ƙafa ɗaya ta nufi Kano, ɗaya ta nufi Katsina. Allah Ya sa su shirya su dawo mini da kai gida."

Maigida ya ce, "Inna, ai ko Makka ce waɗannan sa kai ni." Ya juyo wajena, bai dube ni sosai ba saboda idon Inna, ya ce, "Sannu Hajo. Allah Ya yi albarka." Shi ke nan abin da ya ce, kuma ya ishe ni.

Suka tafi bayan sallar asuba. Ban raka shi ko zaure ba, kunya ba ta bari. Da gari ya waye na ga sawunsa na dama a bakin ƙofar ɗakina, ya fito raɗau. Na ɗauko wani fasasshen kasko na kife a kai don kada iska ta share. Inna ta gani ta ce, "Ke 'yar nan, mutane za su ce sawunsa kika ɗauka za ki kai wa boka." Amma ba ta ɗage kaskon ba, in za ta wuce ma kewaye shi take yi.

Sai zaman jira. Yunwa ta buɗe kulle a shekarar, matan da ba a taɓa ganin fuskarsu a waje ba duk muka fito. Da sassafe in goya yarinyar in tafi rijiya, rijiyar ta yi ƙasa har sai an ƙulla igiya da igiya, abin da guga zai ɗebo rabinsa laka. In dawo mu fita da Inna neman yaɗiya a jikin shinge, mu tsinci 'ya'yan aduwa mu tsotsa, ɗacinsu ya riƙe mana maƙogwaro. Wasu har gidan tururuwa suke tonawa su kwashe 'yan ƙwayoyin da ta tara. Mu ma mun tona, ba zan ɓoye ba. Da rana ta take sai kowa ya nemi inda zai kwanta, garin ya yi tsit, ba kukan akuya, ba ƙarar turmi. Rashin ƙarar turmin nan ya fi komai damuna. Na gaji a bazarar nan irin gajiyar da barci ba ya maganinta, in kwanta da ita in tashi da ita.

Labarin matafiya ba ya zuwa sai ta bakin wanda ya dawo, waɗanda suke dawowa kuma ba su cika kawo daɗi ba. Wata rana muna dawowa daga rijiya muka ga wani baƙo ya tsaya a ƙofar gidan su Audu na gabas da mu, da ƙunshi a hannu. An naɗe hular Audu da takalmansa a cikin mayafinsa, an ɗaure da igiya. Kafin mu kai gida muka ji kuka ya tashi. Tun daga ranar na koma tafiya kaina a ƙasa. Duk hanyar da na bi sai na karanta ta, sawun jaki, sawun yara, sawun silifa, ina neman haƙoran nan a karkace. Na san ba zan gani ba, amma idona ya ƙi dainawa.

Hadari ya fara haɗowa yana watsewa, kamar dai yadda yake yi bana. Maza suka fara dawowa ɗai-ɗai, a rame, kowa da ɗan abin da ya samo. In na tambaya ta bakin matansu sai a ce an ga su Maigida a wuri kaza, wani ya ce a'a, sun yi gaba. Inna ta daina tambaya. Ta fito da sungumin Maigida, ta gyara masa ƙota, ta jingine a bakin rumbu, alhali ba mu da ƙwaya ɗaya da za mu zuba a rami.

Ruwan ya sauko wata la'asar. Iska ta fara zuwa da ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai manyan ɗigo, sai ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya har magariba. Yara suka fita tsirara suna ihu. Mu muka tara duk abin da zai riƙe ruwa, muka tsaya a ƙofar ɗaki muna kallo. Ruwan ya shiga ƙarƙashin kaskon nan ya wanke sawun da na yi ta tsaro. Ban yi murna da ruwan nan ba, Allah Ya yafe mini. Ji na yi kamar an zo biki gidanmu an tarar ba mu shirya ba.

Washegari tun da duku-duku garin ya fita shuka. Ta ko'ina kana jin saran sungumi, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da dunduniya. Gonarmu kaɗai ta kwana ta tashi ba kowa a cikinta. Na ɗauki tulu na tafi rijiya, ba don muna bukatar ruwan ba, don dai kada in zauna ina jin saran nan ta kan katanga.

A hanyar dawowa ne, daidai inda hanyar rijiya ta haɗu da wadda ta fito daga Ɗambatta, na gan shi. Ƙasa a jiƙe take, ta karɓi sawun kamar an buga hatimi. Na hagu sumul, na dama da haƙora a karkace. Na tsaya da tulu a ka, na duba, na sake dubawa. Har inda wuƙata ta goce ta ci gefen dunduniyar ga shi nan ya fito. Ban san lokacin da na fara sauri ba, ruwa yana zubo mini a wuya, yarinyar tana jijjiga a bayana. Sawun ya bi ta gindin kuka, ya kewaye kwatami, ya miƙe har ƙofar gidanmu. Ga takalman an tuɓe su a bakin zaure, duk laka.

Na sa kai cikin zauren bakina ɗauke da sannu da zuwa. Mutum ɗaya ne a zaune a ciki, kuma ba Maigida ba ne. Malam Sule ne, ya rame har na so in kasa gane shi, burgamin Maigida a kan cinyarsa, ga gorar da Inna ta ɗinke a gefensa. Ya sunkuyar da kai ya fara gaisuwa, "Sannu da aiki. Ina kwana? Yaya ruwa? Yaya muka same ku?" Na san irin doguwar gaisuwar da ake yi kafin a faɗi abin da ba a son faɗa. Na wuce ciki. Ban yar da tulun ba, a shekarar hannu ya riga ya saba, ko mutuwa aka yi ba a zubar da ruwa. Na sauke shi a hankali a mazauninsa, sannan na zauna a cikin laka.

Inna ta fito daga ɗaki ta ce, "Lafiya?"

Na ce, "Inna, takalmansa sun dawo, shi bai dawo ba. Malam Sule ne a zaure, shi kaɗai, da jakarsa da gorarsa."

Inna ta dafa bango. Na ga leɓenta yana motsi, ta yi salati a hankali. Can ta dube ni ta ce, "Takalman, a hannu ya zo da su ko a ƙafa?"

Ban gane tambayar ba. Na ce, "Sawunsu na biyo tun daga mararraba."

"Sawunsu kika biyo." Ta saki bangon. "To tashi daga cikin lakar nan ki ɗora ruwa, baƙo ya sha hanya. Ɗana yana da rai."

"Inna, ta yaya kika sani?"

"Ke 'yar nan, kayan mamaci gado ne, haƙƙin marainiyar da ke bayanki ne. Ba a sa su, ba a taka su sai an raba. Kin manta yadda aka kawo na Audu? Wanda bai yi karatu ba ma ya san wannan, balle Sule da ba ya karya tsinken wani. Da mutuwa ce, ko ƙaya za ta cinye ƙafarsa a hannu zai riƙo su."

Ta ja mayafinta ta nufi zaure, na bi ta na tsaya daga bayan ƙofa. Sai da Malam Sule ya sake gaisuwarsa tun daga farko, Inna tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa kamar in shiga in girgiza shi. Sannan ya ce, "Inna, yana gaishe ku. Kurkunu ce ta fito masa a idon sawu muna hanyar dawowa, ƙafar ta kumbura ba ta shiga takalmi. Na bar shi a zauren wani malami a wajen Tofa, suna kula da shi. Da muka ga hadari ya ce in yi gaba da irin kada danshi ya wuce. Nawa takalman sun mutu tun a kudu, ya ce in sa nasa. Na ce a'a, ya ce aro ne, ya rantse sai na sa. Ga su nan na dawo da su, sai dai maɗaurin hagu ya fara saki, a yafe mini."

Ya kwance bakin burgamin. Gero ne da 'yar dawa, an ƙulla kowanne daban a ƙyalle. Inna ta zura hannu ta damƙo, ta kai hanci, sai a lokacin hawaye ya zubo mata. Ni kuwa a bayan ƙofa dariya ce ta kama ni, ina yi ina kuka, wai a yafe masa maɗauri.

A ranar muka shiga gona. Malam Sule bai ko huta ba, ya sara mana ramuka kafin ya wuce tasa, ni da Inna muka bi baya muna zubawa muna takewa, yarinyar tana kwance a gindin gawo. Inna tana yi tana zama, ni ina yi ina ganin jiri, amma ba mu bar gonar ba sai da irin ya ƙare. Daga baya aka samu aron jaki aka je aka ɗauko Maigida. Ya shigo gidan a kan jaki, ƙafar a naɗe da tsumma, an naɗe zaren kurkunun a jikin ɗan tsinke ana ja kaɗan-kaɗan kullum. Ya tarar gero ya tsiro. Da ciwon ya warke ya bar tabon da maɗauri yake gurza, sai na sake kwance takalmin dama na matsar da maɗaurin gaba. Ya yi shekaru yana takawa a cikinsu, har yaran gari suka sa masa suna Mota Biyu. Yunwar ba ta tafi a daminar ba, ta ɗan ja da baya ne kawai, amma mun ci sabon gero mu huɗu, ba wanda ya ragu.

Bayan haka Allah Ya buɗa. 'Ya'ya suka girma, suka riƙa sayo masa takalma na kanti, shi kuma duk wanda ya tsinke sai ya turo mini da ƙafa ya ce, "Hajo, ga aikinki." Yara su yi ta faɗa wai muna ba su kunya, mu yi kamar ba mu ji ba. Inna ta rasu, Malam Sule ya rasu, kurkunu ma an daina ganinta.

Shekarun baya, a bazara irin wannan, numfashi ya riƙa yi wa Maigida wuya. Ɗanmu Sani, mahaifin Mai-suna, ya ɗauke shi a mota zuwa asibiti a Kano. Da ƙafarsa ya fita, sanye da wasu takalman fata da na sake wa ɗinki a satin. Ya ce in ajiye masa furarsa. Yanzu waya tana hannun kowa, amma a kwanakin da suka yi can ba abin da ake ce mini sai da sauƙi. Wata azahar ina zaune a gindin darbejiyar nan, Sani ya yi sallama ya shigo shi kaɗai. Ko a leda bai sa takalman ba, ya haɗa su biyu ya riƙo a hannu. Ya durƙusa a gabana ya fara gaisuwa, ina wuni, yaya zafi, yaya gida.

Na ce, "Bar gaisuwar, Sani. Ajiye su nan. Na gani."

Ɗinkin Mai-suna bai ɗauke ni lokaci ba, ko da yake ido ya yi rauni, da laluben yatsa nake samun ramin. Na ƙulle zaren na datse da wuƙa, na ƙwala masa kira. Ya fito yana suɗe hannu, ya juya takalmin yana mamaki, ya ja maɗaurin ya ga ya fi na da ƙarfi. Ya ce, "Kai, amarya, ashe ke injiniya ce." Ya haɗa su biyu ya ɗauka zai shige ɗaki da su.

Na ce, "Dawo. Sa su a nan, a gabana."

Ya dube ni, ya ga ba wasa nake yi ba. Ya ajiye su ƙasa ya zura ƙafa, ya taka ya fita. Na bi sawunsa da ido har bakin zaure.